Gargaɗi ga Mutanen Tasawa da Mayahi: Zawon Jinin da Ya Ƙi Jin Magani

Jama'ar gundumar Tasawa da ta Mayahi, tun daga Urafan da Maijirgi da Korgom da Hawandawaki har Kanambakashe da Isawan da Sarkin Hausa da Gidan Amumun, a saurara, in kunne ya ji jiki ya tsira. Duk wanda ya kai mako huɗu yana zawo, ko yake ganin jini da majina a bayan gidansa, ya sha maganin atuni yadda likita ya rubuta amma abin bai tsaya ba, ko ya tsaya ƴan kwanaki ya dawo, to ya daina sayen ƙwaya a tebur, ya je a auna shi. Wanda kuma yake zagayawa sau shida ko fiye tsakanin safiyar yau da ta gobe, kowane zuwa da jini, ga zazzaɓi, ko zuciya na bugawa da sauri, ko ido da tafin hannu sun yi fari fat, kada a ce sai ranar kasuwa in motoci sun shigo. Yau za a kai shi asibitin gunduma, ko da a amalanke za a fitar da shi bakin hanya.

Dalilin wannan kira wani ciwon hanji ne da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali yana iya zama cikin gida shekara da shekaru ana ce masa basir. Ba ruwan tabki ke kawo shi ba, ba ƙuda ba. Garkuwar jikin mutum ce, wadda aikinta yaƙi da cuta, take juyowa ta far wa hanjin mai ita, hanjin ya kumbura, ya yi gyambo, ya riƙa zubar da jini. Iri biyu ne. Na farko gyambon babban hanji, wanda wani likitan Landan, Samuel Wilks, ya bayyana a 1859. Yana farawa daga ƙarshen hanji kusa da dubura ya yi sama a jere ba tsallake, kuma fatar cikin hanji kawai yake ci. Na biyu ciwon Crohn, mai ɗauke da sunan Burrill Crohn, ɗaya daga cikin likitoci uku na asibitin Mount Sinai a Amurka da suka bayyana shi a 1932. Shi wannan yana iya kama ko'ina tun daga baki har dubura, ya ci nan ya tsallake can, ya ratsa kaurin hanjin duka, har ya buɗe ƙofar yoyo a gefen dubura ko ya ƙuntata hanji abinci ya kasa wucewa. Da yake likitocinmu da Faransanci suke rubutu, a takarda za a ga MICI ga duka biyun, RCH ga na farkon. Wanda ya ga waɗannan haruffa a takardarsa ya adana ta inda yake ajiye katin ɗan ƙasa.

Ba a ɗaukarsa daga wani, ko da kwano ɗaya ake ci. Ba sammu ba ne, ba kuma alhakin kishiya ba. Ya fi farawa tsakanin shekara 15 da 35, wato lokacin da saurayi ke ɗaukar jakarsa zuwa cin rani, budurwa kuma ke shiga ɗakin miji. Halinsa shi ne ya lafa ya tashi, kuma wannan lafawar ita ce ke ruɗin mutane: kowane jiƙo aka sha daidai lokacin da ciwon zai kwanta da kansa, shi za a ce ya yi magani. Wani babban ƙiyasi na duniya ya nuna masu fama da shi sun kai miliyan 6.8 a 2017, kuma a Turai da Amurka aka fi samunsa. A shekarun 1970 likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, yana cewa da wuya a ga irin wannan ciwo ga mutanen karkarar Afirka. Har yanzu waɗanda aka rubuta labarinsu a mujallun likitoci daga ƙasashen kudu da Sahara, in an cire Afirka ta Kudu, ƴan kaɗan ne. Amma ciwo ne da ba a tabbatar da shi sai an leƙa cikin hanji da na'ura, kuma inda na'ura ta yi ƙaranci dole sunansa ya yi ƙaranci a takarda. A Indiya da Sin ma da ana cewa baƙo ne, yau masu shi sun yi yawa a asibitocinsu.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. A Tasawa da Mayahi, in mutum ya ga jini a zawonsa, mafi rinjaye atuni ne, na ƙwayar shigela ko na amiba, musamman da damina in tabkuna sun cika, ruwa ya kwaso ƙazanta zuwa bakin rijiya. Shi ya kamata a fara nema, shi ya kamata a fara yi wa magani. Kwalara kuma, wadda ta addabi jihar Maraɗi a 2018 da 2021, zawonta ruwa ne tsagwaro, tana iya kashewa cikin sa'o'i, hukuncinta a ruga likita nan take. Maganata a kan wanda aka yi wa maganin atuni sau ɗaya, sau biyu, sau uku, yana ta komawa da kuka ɗaya, ana ta ba shi Flagyl ɗin nan dai. Haɗarin yana nan: atuni da tarin fuka na hanji da wannan kumburin hanji kamarsu ɗaya a idon mai kallo, amma maganin da ke ceton mai ɗayan yana iya kashe mai ɗayan. Shi ya sa awo ya zama tilas.

Sai mu zo kan basir, domin a nan ake ɓata shekaru. A wurinmu komai ya shafi ƙasan mutum basir ne: ciwon baya basir, kumburin ciki basir, kasala basir, rauni wajen iyali basir. Masu magani da lasifika a kan mota sun san haka, shi ya sa kowace kasuwa ta ci suna nan da garinsu da jarkokinsu. Basir na gaskiya yana nan, kuma yana zubar da jini, amma jininsa ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama, ko a gan shi wajen tsarki, bayan gidan kansa kuwa yakan zo da tauri. Basir ba ya sa mutum zagayawa sau takwas. Ba ya tada mutum da tsakar dare yana neman buta. Ba ya kawo zazzaɓi, ba ya ramar da mutum har wando ya riƙa zamewa. Jinin da ya cuɗanya da zawo da majina, da matsuwar da ba ta jira a kai makewayi, da jin kamar ba a gama ba alhali ba abin da ya rage sai yunƙuri, waɗannan daga cikin hanji suke. In kuma aka haɗa da ciwon gwiwa ko idon sawu yana kumbura, ko jan ido mai zafi, ko gyambon baki da ke yawan dawowa, ko wasu jajayen ƙulluttai masu zafi a ƙwauri, ko maruru a gefen dubura da ya fashe ya ƙi rufewa, to a gaya wa likita duka. Mai ciwon yakan ɗauka abubuwa ne daban-daban, nan kuwa tushensu ɗaya.

Kunya ma na da nata rabon. Dattijo ya daina zuwa jam'i saboda alwalarsa ba ta riƙewa, a ce tsufa ne. Amarya ta rame, ta ƙi fura, uwar miji ta ce laulayi ne ko kewar gida, ita kuwa yarinyar ina ta ga bakin faɗa wa surukarta abin da take gani a makewayi? Inna, ki ja ta ɗaki ki tambaye ta. Maigida, in ka ga ana yawan fita da buta cikin dare, ka tambaya. Yaro ɗan shekara 13 ko 15 da ya tsaya cak bai ƙara tsawo ba, ƙannensa na wuce shi, yana yawan riƙe ciki, a duba hanjinsa kafin a yanke cewa tamowa ce kawai, ko da yake mun san tamowa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

To, yaya ake gane ciwon ya yi tsanani? Rabin wannan awo a gida ake yin sa, kuma ba ya bukatar ko dala. A kasuwar Tasawa ba mai sayen hatsi da kallon ido, sai an kawo tiya, amma in likita ya tambayi mai zawo sau nawa yake fita, amsar da ya saba ji ita ce “da yawa dai” ko “da sauƙi”. Likita ba ya iya aiki da “da yawa”. A samu gwangwani biyu da tsakuwa. Duk zuwa makewayi a jefa tsakuwa ɗaya a na farko, in da jini a ƙara ɗaya a na biyu. Da safe a ƙirga, ɗan makarantar gidan ya rubuta, a zubar a sake. A rubuta sau nawa ciwon ya tada mutum daga barci. A ɗora yatsa biyu a wuyan hannu, a duba agogon salula, a ƙirga bugun jijiya na minti ɗaya cur mutum yana kwance. In akwai mai ma'aunin zafin jiki a unguwa a ara. Takardar mako guda irin wannan ta fi dogon bayani amfani a gaban likita.

Wannan ƙirga tana da asali. A 1955 likitoci biyu a Ingila, Truelove da Witts, suka kafa ma'aunin da asibitocin duniya ke aiki da shi har gobe. A wurinsu ciwo mai sauƙi shi ne fita ƙasa da sau huɗu a rana, jini kaɗan ko babu, ba zazzaɓi. Mai tsanani shi ne fita sau shida ko fiye da jini, tare da ko da ɗaya daga cikin abu huɗu: zafin jiki sama da 37.8, bugun jijiya sama da 90 a minti, ƙarfin jini, wato himogulobin, ƙasa da 10.5, ko awon saurin kwanciyar jini da ake rubutawa VS ya haura 30. Abin da ke tsakanin biyun shi ne matsakaici. A dubi jerin nan da kyau: ƙirgar fita, jini, zafin jiki, bugun jijiya, duk ana iya samunsu a ƙaramar likitar ƙauye. Himogulobin da VS ne kawai ke bukatar labo. Wanda ya shiga rukunin mai tsanani gado ake ba shi, ba takardar magani a ce ya koma gida ba. A gwajin da likitocin nan biyu suka yi, maganin kotizon ya sauko da mace-mace daga kashi 24 cikin ɗari zuwa kashi 7, yau kuma a asibitocin da suka ƙware ya sauko kusan kashi 1. Wato ciwo ne mai kisa in an bar shi, mai jin magani in an kama shi a kan kari.

Ga ma'aikatanmu na likitocin karkara akwai tarko biyu. Ƙarancin jini ya zama ruwan dare a nan saboda zazzaɓin cizon sauro da yawan haihuwa da ƙarancin abinci, don haka himogulobin 9 ba ya firgita kowa. Amma 9 ga wanda ke zubar da jini sau bakwai a rana wata magana ce daban. Na biyu, da damina gwajin zazzaɓin sauro yakan nuna akwai ga mutane da yawa. A yi maganinsa, amma zazzaɓin sauro ba ya bayyana dalilin zawon jini na wata biyu. Kada wannan ɗan layin da ya fito a kan abin gwaji ya rufe bincike.

A asibiti awo bi da bi yake, kuma na farko shi ne bayan gida. A kai shi labo da ɗuminsa, cikin sa'a guda, domin amiba mai rai da ta haɗiyi ƙwayoyin jini ita ce shaida, kuma ba ta daɗewa bayan ta fito. Wanda aka ɗebo da asuba a ƙauye aka iso da shi bayan azahar ya rasa rabin amfaninsa, gara a bayar a can asibitin. Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani. Amiba iri biyu ce masu kama ɗaya sak a madubin labo, ɗaya mai cutarwa, ɗaya kuma zaman lafiya take yi a hanjin mutane da yawa ba ta taɓa kowa, kuma sai a 1993 masana suka raba su a hukumance. Saboda haka takardar da ta ce an ga ƙwan amiba ba ta isa ta rufe magana ba in an sha magani cikakke jini bai tsaya ba. Bayan wannan ana shuka bayan gidan a ga ko shigela ko salmonela za su tsiro, a nemi ƙwan tsutsa da na tsargiyar hanji, musamman ga wanda ya yi aiki a fadamun shinkafa na bakin kogin Kwara. Ana gwajin ƙanjamau, kuma kada kowa ya ji an ci masa fuska, domin ita ma tana kawo zawo mai daɗewa da rama. Sannan awon jini: NFS mai nuna yawan jini, VS da CRP masu nuna zafin kumburi, da albumin, wanda in ya faɗi ƙafafu kan kumbura, alamar hanji na yoyon abin gina jiki.

Akwai wani awon bayan gida da ake kira kalfurotektin, wanda manyan labo ke yi. Ƙasa da 50 yana nuna da wuya a ce hanji na kumbure, sama da 250 yana nuna kumburi na ci. Amfaninsa babba ne wajen bin sawun wanda aka riga aka san ciwonsa. Sai dai atuni ma na ɗaga shi, ƙwayoyin ciwon jiki ma haka, don haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci a ƙasa irin tamu.

Mai yanke hukunci shi ne leƙen hanji, koloskopi. Siririn bututu ne mai fitila da kyamara da ake shigarwa ta dubura bayan an wanke ciki da magani, likita yana kallo a allo, ya gutsuro ɗan nama da bai kai ƙwayar shinkafa ba a kai madubi. Na san abin da ke zuwa zuciyar mai karatu, kuma na san akwai magidantan da za su ce gara mutuwa. To mutuwar ce ake ƙoƙarin kaucewa, kuma neman magani ba ya zubar da mutuncin kowa. Aikin likitan hanji ne a babban asibiti. Takardar turawa daga asibitin gunduma ita ke kai mutum Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, gwargwadon inda na'urar ke aiki a lokacin, kuma mutumin Tasawa ya yi sa'a yana bisa babbar hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram. A buga waya a tabbatar kafin a kashe kuɗin mota. Da wannan awo ake sanin iyakar ciwon, ko dubura kaɗai, ko gefen hagu, ko hanjin duka, kuma maganin ya danganta da haka. Da shi ake ba hanjin maki daga 0 zuwa 3 bisa ma'aunin Mayo na 1987: 0 lafiyayye, 3 gyambo mai zubar da jini ko ba a taɓa shi ba. Cikakken ma'aunin yana haɗa wannan da yawan fita da yawan jini da ganin likita, jimla daga 0 zuwa 12. Ga ciwon Crohn akwai na Harvey da Bradshaw na 1980, wanda ba ya bukatar na'ura: yadda mutum ke jin jikinsa, ciwon ciki, yawan zawo, ƙullutu a ciki in an taɓa, da matsalolin ido da gaɓoɓi da dubura. Ƙasa da 5 ciwon ya kwanta. In mutum yana cikin tsanani ba a leƙa hanjin duka, ƙarshensa kawai ake dubawa a hankali don gudun fashewa.

Tarin fuka na hanji shi ne tagwayen ciwon Crohn. Wuri ɗaya suka fi kamawa, mahaɗar ƙaramin hanji da babba, ƙasan ciki ta dama. Duka biyun na kawo rama da zazzaɓi da ciwon ciki, kuma ko a madubi wani lokaci likitoci kan yi saɓani. Mutum yana iya ɗauke da shi bai taɓa tari ba. Don haka ake ɗaukar hoton ƙirji, a gwada majina ko naman hanji da na'urar GeneXpert, a tambayi ko akwai mai tari a gidan. In an kasa rarrabewa, a ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa likitoci kan fara da maganinsa, su sake dubawa bayan wata biyu zuwa uku. Hikimar a bayyane take: tarin fuka na warkewa sarai cikin wata shida, maganinsa kuma kyauta ne a Nijar, amma in aka ba mai shi maganin danne garkuwa bisa kuskure, cutar kan bazu zuwa huhu da ƙwaƙwalwa.

Wannan ya kawo mu ga ƙwayoyin tebur, kuma a nan nake roƙon a buɗe kunne. Deksametazon, wadda mata ke saya don ƙiba, da ƴar uwarta firedinisolon, dangin kotizon ne. In mai zawon jini ya sha zai ji daɗi cikin kwana biyu, ya ci abinci, fuska ta cika, ya yi ta sa wa mai tebur albarka. In ciwonsa amiba ce, a lokacin nan take samun sarari ta huda hanji. In tarin fuka ne ya bazu. Akwai ma wata tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa, wadda kotizon ke sa ta yaɗu cikin jiki har ta yi kisa. Likita na ba da kotizon, amma bayan ya kawar da waɗannan, da adadi, da ranar ragewa. Wanda ya riga ya daɗe yana shan ta kada ya yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ya kai wa likita fakitin ya faɗi gaskiyar tun yaushe. Imodium da sauran masu tsayar da zawo haramun ne ga mai zawon jini da zazzaɓi, domin suna iya sa hanji ya saki ya kumbura. Taramol ma haka, ga shi yana ɓoye ciwon cikin da ya kamata ya tada hankali. Dikilofenak da ibufurofen, da manoma ke haɗiya bayan noma, suna iya tada ciwon da ya kwanta, su kuma ƙara zubar jini. In zafi ya dame ka, farasitamol. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta a kai a kai ba awo shi ma yana haifar da wani sabon zawon. Jiƙon wankin ciki kuwa, ga hanjin da ke da gyambo, ƙarin rauni ne.

Akwai alamun da ba sa jiran ƙirgar tsakuwa. Ciki ya kumbura ya yi tauri, taɓawa kaɗan mutum ya yi ƙara. Zawon da ke ta zuba ya tsaya kwatsam alhali jiki na ƙara zafi: kada a yi murna, wataƙila hanjin ne ya daina motsi, kuma in hoto ya nuna faɗinsa ya kai wajen santimita 6 ana maganar tiyata. Amai kore, jiri in an miƙe, gudan jini, fitsari ya ɗauke, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, domin wannan ciwo na sa jini ya daskare a jijiya. Taifot ma na huda hanji, likitocin tiyata na ƙasar nan sun san ta sarai, kuma hukuncin ɗaya ne: asibiti mai ɗakin tiyata, yanzu. A hanya, in ba amai kuma ciki bai yi tauri ba, a riƙa kurɓa masa ruwan gishiri da sukari.

Wanda aka kwantar, danginsa su san rana ta uku ita ce ranar hisabi. Likitocin Oxford sun nuna a 1996 cewa in bayan kwana uku ana allurar kotizon mutum na fita fiye da sau takwas, ko sau uku zuwa takwas tare da CRP sama da 45, to kashi 85 cikin ɗari na irinsu sun ƙare da tiyata. Kusan ɗaya cikin uku na masu tsanani ba sa jin kotizon. Don haka in likita ya ce a wuce gaba, kada a tsaya taron dangi na mako guda, kada kuma a ce a mai da shi gida a gwada na gargajiya. Mai jinya ya ci gaba da ƙirga a asibitin, shi ne ke ganin kowace fita.

Bayan an san ciwon, zama da shi ake yi kamar yadda mai hawan jini ke zama da nasa. Sulfasalazin da mesalazin da azatiyofirin magungunan riƙewa ne, ana shan su ko an ji garau, kuma yawancin masu komawa gado waɗanda suka ajiye magani ne don jini ya tsaya. Jin sauƙi ba ya nufin gyambon ya rufe, shi ya sa ake maimaita awo. Wanda ya fara sulfasalazin ya ga fitsari ya yi baƙi ko farin ido ya yi ɗorawa ko ƙuraje sun feso, ya tsaya ya koma likita. Mace na iya ɗaukar ciki ta haihu lafiya, an fi so ta ɗauka ciwon na kwance, kuma ta sanar da likita tun kafin, domin akwai magani irin metotireksat da ke lahanta ɗan tayi. Mai ciwon Crohn ya bar taba kwata-kwata. Ba a hana shi tuwo ko wake ko nama don camfi, jikin da ke asarar jini abinci yake nema. Abin da ya lura yana tada masa ciki shi zai rage. Azumi in ciwon ya tashi, a tambayi likita a tambayi malam, addini ya yi wa mara lafiya rangwame. In ciwon ya shekara takwas kuma ya mamaye hanji da yawa, ana komawa leƙen hanji lokaci-lokaci saboda haɗarin kansar hanji. Wanda kuwa ya haura shekara 45 ya fara ganin jini karon farko, shi ma a leƙa, don kansar hanji ma da sunan basir take ɓuya.

Masu gari da limamai, ranku ya daɗe, Allah gafarta malamai, a faɗi wannan a fada da bayan sallar Juma'a da wurin suna. Ma'aikatan likita, wanda ya dawo karo na uku da zawon jini a rubuta masa takardar turawa, a sa nauyinsa na yau da na zuwan farko, da magungunan da aka ba shi da kwanakinsu. Ƴan cin rani da aka yi wa awo a Kano ko Agadas ko Libiya, a dawo da takardun gida, kada a bar su a ɗakin haya.

Mai tafiya asibiti ya riƙe takardar ƙirgarsa, da karnen likitarsa, da duk tsoffin sakamakon awo, da fakitin kowace ƙwaya da ya sha har ta tebur da ta ƙiba, da ɗan samfurin garin da ya jiƙa. Ya tafi da mutum ɗaya ko biyu masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini in an bukata. Yaro ƙasa da shekara biyar da aka ga jini a zawonsa ba a ƙirga masa komai, ranar za a kai shi likita mafi kusa.